Tantin da Norris Ya Ɗaure da 'Yan Biki

A garinmu na Sturcombe ba a gaida Norris Gulliford sai mutum ya ci ya ƙoshi, domin amsar gaisuwar takan kai la'asar. Ka ce masa ina gajiya, sai ya ba ka labarin ranar da ya saɓa raguna biyu a kafaɗa ya haye rafi, ko shekarar da ya hango guguwa tun tana da sauran kwana uku a teku. Babu wanda ya ga ragunan, guguwar kuwa da rufin rumbunsa ta fara. Amma cikin abubuwan da yake cika baki da su akwai ɗaya na gaskiya: takardar kiwon Tudun Matakala a hannunsa take, kamar yadda ta zauna a hannun ubansa da kakansa da uban kakansa.

Duk wanda ya leƙa ta tagar mashayar garin yana ganin tudun nan, hawa bakwai, kowane hawa a shimfiɗe kamar dakali. Mutanen da ne suka yi ta huɗar gangaren da shanu, shekara ɗari bakwai da suka wuce, har ƙasar ta kwanta haka. Yanzu hukumar kayan tarihi ce ke gadinsa, kuma tumaki kaɗai ta yarda su taɓa shi, su ma da baki. Ba a hawa da mota, ba a haƙa, ba a kafa ko turken akuya. Takardar ta faɗa ƙarara cewa mai kiwon da ya fasa ƙasar nan, ko da zurfin ɗan yatsa ne, ya rabu da tudun. Maƙwabcinsa Desmond Squibb kuwa shekara talatin ke nan yana jiran wannan rana, yana leƙen ciyawar ta kan shinge yana haɗiyar yawu.

In za a faɗi gaskiya, aikin tumakin duk Tamsin ke yi, 'yarsa ɗaya tilo. Ita ke yanke kofato, ita ke karɓar haihuwa, ita ke yi musu aski, shi kuma yana tsaye da sanda a bakin ƙofa yana gyara mata kuskuren da ba ta yi ba. Sau uku tana roƙonsa ya sa sunanta a takardar, sau uku yana cewa, "Sai bayan raina." Saboda haka da Kieran Pascoe, wani makanikin bas, ya nemi aurenta, ta ce bayan biki birni za ta bi shi.

Wata safiya suna karyawa sai ta ce, "Baba, ranar bikin ina so a ɗauke mu hoto ɗaya a saman tudu, in riƙa kallo a can."

Hoto ɗaya ta ce. Kafin rana ta faɗi Norris ya tsaya a tsakiyar mashaya ya sanar cewa a hawa na bakwai za a ci abincin bikin 'yarsa, mutum tamanin, cikin tantin da ba a taɓa ganin irinsa ba tun daga nan har bakin teku.

Desmond ya ajiye kofinsa a hankali. "Tanti ka ce, mutumina? Da me za ka ɗaure shi, da gemunka?"

"Da ƙwaƙwalwa, Dez. Abu ne da ba a sayarwa, shi ya sa ba ka da shi."

"To Allah ya kai mu. In kana neman turke ka yi magana, ina da na ƙarfe guda arba'in, kyauta. Har guduma zan ara maka."

Da ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Beryl tana murza ƙullun burodi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Tamsin, ɗakin taron gari yana da rufi, kuma rufin ba ya zuwa ko'ina."

"Ɗakin taro na auren kowa da kowa ne. 'Yata ba kowa da kowa ba ce."

"Tudun nan ko hular kanka ba ya bari."

"Ai na riga na faɗa a gaban mutane."

"Shi ne ciwon," in ji Beryl. "Shekara talatin da biyu muna tare, kullum bakinka ke tafiya gaba, mu kuma mu biyo shi da tsintsiya."

Bayan kwana uku sai ga Madam Chaffey, jami'ar hukumar, siririyar mace mai tabarau, wadda tef ɗin awo ba ya rabuwa da aljihunta. An taɓa ganinta tana auna tudun ƙasar da wani ɓeran daji ya tono, tana girgiza kai don ba ta da adireshin da za ta aika masa wasiƙa. Ta saurari Norris har ya gaji don kansa, sannan ta ce an yarda, yini ɗaya, amma da sharaɗi. Sandunan tanti su tsaya kan faffaɗan katako. Mata su bar takalma masu tsini a gida. Turke kuwa ko na tsinken sakace ba a yarda ba.

"Ranki ya daɗe, ko ciyawa ɗaya ba za ta yi kuka ba," in ji Norris. "Ki zo ki ci abinci, ki gani da idonki."

"Dama zan zo," ta ce, ta shafa aljihunta.

Masu ba da hayar tanti suka zo suka ɗaga kai suka dubi tudun, suka dubi Norris. Babbansu ya ce in ba turke, sai tubalan siminti arba'in, kowanne da nauyin maraƙi, kuma ba mai saɓa su a kafaɗa hawa bakwai. Suka ce za su bar masa tanti da igiyoyi a gindin tudu, sauran kuma tsakaninsa da iska. Norris ya raka su mota yana ba su shawara kan yadda za su gyara sana'arsu.

Dabara ta zo masa washegari yana kallon garke. Ya shigo kicin a guje har ya ture kyanwa.

"Uwargida, matsalar siminti ɗaya ce, ba shi da ƙafa. Abin da muke nema nauyi ne mai hawa da kansa."

Ya zaɓi raguna huɗu mafiya ƙiba, ya kafa tamfol a bayan gida don gwaji, ya ɗaure kowace kusurwa a ƙirjin rago guda. Sannan ya kawo kujera da kofin shayi ya zauna a ƙarƙashi, ya harɗe ƙafa, ya aika a kira Desmond ya zo ya ga ilimi. Abin ya tafi daidai muddin ragunan suna kiwo. Sai Tamsin, wadda ba ta san wainar da ake toyawa ba, ta fito ta ɗaya gefen rumbu tana girgiza bokitin dusa kamar yadda take yi kullum. Raguna huɗu suka ɗaga kai lokaci guda. Tamfol ya naɗe Norris da kujerarsa da shayinsa, aka ja shi ta cikin ganye mai ƙaiƙayi na bakin shinge, aka bi da shi ta kan kabejin Beryl, aka ajiye shi a kududdufin agwagi.

Desmond ya jingina da shinge ya ce, "Sannu da hanya. Na ga nauyin yana da ƙafa sosai."

Norris ya tofar da ruwan agwagi. "Gwaji ne. Yanzu na san rago ba shi da amana."

Mai hankali da nan ya tsaya, amma Norris ko a jikinsa. Ranar Lahadi a coci, ana neman matsar da wani dogon benci don yara masu waƙa, maza uku suka kama suka kasa, saboda yayarsa Winifred tana zaune a ƙarshensa tana neman alewa a jaka. Norris ya ƙura mata ido tun daga farkon wa'azi har ƙarshensa. Shekara sittin yana ganin matar nan, bai taɓa lura da baiwar da Allah ya yi mata ba sai ranar.

"Baƙin biki," ya raɗa wa Beryl. "Mutum tamanin, kowa zai hau da ƙafarsa, kuma ba mai bin bokitin dusa. A shimfiɗa igiyoyin tanti a kan bencuna, a ɗora matasai, su zauna a kai. Shi ke nan."

"In suka tashi fa?"

"Wa ke tashi ga abinci a gabansa?"

"Baban Tamsin, a wane biki ka taɓa zuwa da uban amarya bai ce a tashi a ɗaga kofi ba?"

"Ni ne uban amarya. Ba zan ce ba."

Saura sanin nauyin kowa, domin a san inda za a zaunar da shi. Ya fara da tambaya, ya gane cewa a Sturcombe gara ka tambayi mace sirrin mijinta da ka tambaye ta dutse nawa take, don da dutse muke auna mutum a nan, kowane dutse kilo shida da ɗoriya. Mata biyu suka rufe masa ƙofa, ɗaya ta sako masa kare. Sai ya ɗauko sikelin auna tumaki, wani keji mai ƙofa gaba da baya, ya yi masa fenti, ya lulluɓe shi da furanni, ya girke a ƙofar ɗakin taro ranar kasuwar kek da zuma. Ya ce ado ne na gwajin biki. Mutane suka yi ta ratsawa, shi yana gefe yana satar kallon allurar sikelin. Abin da ya manta shi ne an ƙera kejin don ya rufe kansa in abu mai nauyi ya shiga. Winifred na sa ƙafa, ƙofar gaba da ta baya suka ce ƙarap.

Desmond, wanda ba ya rasa irin wannan wuri, ya sunkuya ya karanta wa jama'a a natse, "Dutse goma sha tara. A kasuwar tumaki ta Laraba da ta ci kyauta."

"Norris," in ji Winifred daga cikin furanni, "buɗe ni."

"Yaya, ki yi haƙuri, ɗan sakata ne ya..."

"Buɗe ni in fito in nuna maka nauyin hannuna, tunda awo kake so."

Ta fito, ta nuna masa, da jaka. Sannan ta rantse a gaban kowa cewa za ta je bikin saboda Tamsin, amma daga ranar duk abin da Norris ya ce a yi, ita kishiyarsa za ta yi, ko da cewa ya yi a yi numfashi.

Katin gayyata ya fita ɗauke da umarni uku: a zo da takalmin roba, a ci abinci sosai a makon, kuma ba tashi. Tamsin ta karanta, ta same shi a rumbu.

"Baba, hoto ɗaya na ce fa."

"Za ki samu, da tanti a bayansa."

"In ƙasar nan ta fashe, Baba Dez ne zai zuba tumakinsa a inda Kaka ya koya mini fito. Ka tuna da wannan?"

Ya tuna. Amma ya daki ƙirji ya ce shi da kansa zai zama babban turke, zai ɗaura igiyar tsakiya a ƙugunsa. Beryl ta kama hannunsa na hagu da safen bikin, ta rubuta masa a tafi da baƙin alƙalami: KADA KA CE A TASHI.

An ɗaura aure a coci lafiya, aka ɗunguma zuwa tudu. 'Yan'uwan ango shida, ƙarti 'yan ƙwallon zari-ruga, su suka hau da tanti da tebura, suka riƙe igiyoyi har kowa ya zauna. Mata da manyan huluna da takalman roba suna haki. Norris kaɗai ya ƙi robar, ya sa takalmin kakansa mai ƙusoshi a dunduniya, wai da shi kowane Gulliford ya aurar da 'yarsa. Madam Chaffey ta dubi takalmin ta saman tabarau, ya ce mata a kan yatsu zai riƙa tafiya.

Zaman kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba. Ba a bi dangi ba, ba a bi girma ba, sikeli aka bi. Winifred ta samu kusurwar yamma ita kaɗai, inda iska ta fi ƙarfi. Desmond da mahaucin gari suka samu ta kudu. Ƙartin nan aka jera su a gefe kamar buhuna. Uwar ango, wadda bisa al'ada kusa da amarya ya kamata ta zauna, aka kai ta can tsakiya gindin sanda tare da yara.

"Ni ce fa na haifi angon," ta ce.

"Mun gode, Madam, amma dutse bakwai da rabi kike. Nan ne ba za ki yi ɓarna ba."

Limamin cocin, tsoho mara jiki, aka ɗora masa ƙaton dunƙulen cuku a cinya don ya cika awo. Ya rungume shi da haƙuri irin na masu ibada.

Ba a jima ba aka gano inda dabarar ta yoye. An sha giyar tuffa, an sha shayi, makewayi kuma yana gindin tudu. Norris ya kafa doka nan take cewa ba a fita sai da musaya. Mai ƙiba ɗaya, sirara biyu. Yana yawo a kan yatsu, igiya na jansa a ƙugu, yana haɗa cinikin.

"Mahauci zai fita. Madam Pascoe, ke da malamar makaranta, ku zo ku riƙe masa wuri."

"Ina cin abinci."

"Ki taho da farantin, shi ma nauyi ne."

Wani kawun ango ya ce shi shekararsa saba'in, rabon da ya nemi izinin fitsari tun yana aji biyu. Norris ya ce to yau ya koma makaranta.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Iska ta taso daga teku bayan azahar, tanti ya riƙa kumbura yana saɓewa, igiyoyi suna motsi a ƙarƙashin mutane har 'yan mata suna ƙyalƙyala dariya, amma bai tafi ko'ina ba. Awa biyu cur. Madam Chaffey ta zagaya sau biyu tana duban ƙasa, ta dawo ta ce, "Malam Gulliford, ban ga ko ƙarzane ba. Ban zaci haka ba." Fuskar Desmond ta yi kamar madarar da ta kwana. Norris kuwa kansa ya kusa taɓa rufin tantin.

Aka buga cokali a jikin kofi, uban amarya ya miƙe don jawabi. Ya fara da raguna biyu da rafi. Ya bi ta kan guguwa. Ya yi bayanin nauyi mai hawa da kansa, ya ce masana za su zo daga jami'a su tambaye shi. Beryl tana ta nuna masa tafin hannunta, yana gyaɗa mata kai alamar ya sani. Sai ya juya don ya ce wani abu a kan amarya, idonsa ya faɗa kanta.

Tana zaune da farar riga da takalmin roba, hannunta duk tabon ƙaya da igiya, bayanta kuma ta ƙofar tanti ana hango garken da ta raina yana kiwo a hawa na shida. Sai ya tuna gobe war haka tana birni. Karo na farko a rayuwarsa Norris Gulliford ya rasa ƙarin gishirin da zai yi.

"Yarinyar nan," ya ce, "tana da shekara shida ta hau nan cikin ƙanƙara ta sauko da ɗan rago a cikin rigarta. Ni ina gida ina ba da labarin yadda ake yi. Ban san yadda zan yi da safiya ba in ba ta." Hawaye ya zubo masa, ya share da tafin hannun hagu, rubutun Beryl ya koma baƙin tabo a kumatunsa. Ya ɗaga kofi. "Jama'a, ku tashi mu sha don Tamsin da Kieran."

Mu mutanen nan, in aka faɗi wannan kalma a biki, ƙafafunmu kan miƙe kafin kunne ya kai wa ƙwaƙwalwa saƙo. Desmond ne ya fara, da sauri har ya zubar da miya. Mutum saba'in da wani abu suka bi shi, har limami da cukunsa. Igiyoyi suka zame daga ƙarƙashin matasai, suuu.

Mutum ɗaya ce ba ta tashi ba. Norris ya ce a tashi, don haka Winifred ta ƙara gyara zama. Tanti ya ɗaga sama ta kusurwa uku, ya kasa tafiya, ya shiga zagaya ta kamar akuya a turke. Ya share kwalabe, ya kwashe huluna, ya ɗauki saman kek ɗin aure ya kifa wa mahauci a ƙirji, Norris na bin sa a guje da igiya a ƙugu.

"Yaya, don girman Allah kada ki tashi!"

Winifred ta dube shi sama da ƙasa. Ta ajiye cokali, ta goge baki, ta kama gwiwa, ta miƙe.

Abin da ya biyo baya har mutanen da ke kan titi sun gani. Tanti ya buɗe ya nufi gangare, babban turke na biye da shi. Norris ya yi abin da duk mai rai zai yi, ya kafa dunduniya. Ƙusoshin kakansa suka nitse, suka yanka ciyawa, farar ƙasar alli ta fito layi biyu a bayansa. Yana kai bakin hawa sai ya tashi sama, ya sauka da mazaunai a na ƙasa, ya sake kafa dunduniya. Tumaki suka watse ko'ina. Desmond na tsaye da kofi a hannu yana ƙirga wa jama'a, "Shida. Biyar. Wannan ya ɗan karkace. Huɗu." A gindin tudu tantin ya haye shinge ya lulluɓe akurkin kajin Desmond, ya bar Norris rataye a kan ƙaya, takalmi ɗaya a ƙafa.

Jama'a suka sauko. Madam Chaffey ta durƙusa, ta zaro tef, ta zura shi cikin layin. Ba ta ma buƙaci tef ɗin ba, hannunta ya shige har wuyansa.

"Huɗa ta farko a tudun nan cikin shekara ɗari bakwai," ta ce. "A miƙe take, wannan kam ba zan hana ka ba. Malam Gulliford, ka san abin da takarda ta ce."

Ya sani. Aka sauko da shi daga ƙaya, ya zauna a ƙasa ya ɗaga kai ya dubi farin layi biyu tun daga sama har ƙasa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi, domin abin da maza uku suka riƙe kafin shi, shi ya saki da ƙafarsa, gaban gari duka. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sun ajiye ta sai an jima.

Desmond ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, tudun nan ba ya kwana ba makiyayi. Ga shi tumakin ma sun kama gabansu, har da masu nufar titi. Ni kuwa a shirye nake, ina da biro."

Tamsin ta tattare farar rigarta ta soke a ƙugu, ta hau hawa na farko, ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito. Daga bayan shinge, daga bakin titi, daga cikin kabejin mutane, tumaki suka juyo suka nufo ta, suka kewaye ta suna shinshinar furannin hannunta.

Madam Chaffey ta naɗe tef. "Takardar ta ce mai kiwon da ya fasa ƙasa ya sauka. Ta kuma ce magajinsa ake fara tambaya, in ya san aikin. Shekara tara ina zuwa tudun nan, Malam Squibb, na san wanda ke aikin. Sai dai na ji an ce birni za ta."

Tamsin ta dubi mijinta. Kieran ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bas na zuwa Sturcombe sau biyu a rana, kuma kullum a lalace yake. Aiki ba zai yanke mini ba."

Desmond ya miƙa biron da ya zo da shi don kansa, ba yadda zai yi. Amma sai da ya ce, "To aƙalla sunan Gulliford ya fita daga takarda. Yanzu Madam Pascoe ce."

Madam Chaffey ta ciro takardar daga aljihu, Tamsin ta ɗora ta a bayan wani rago ta sa hannu, ta juya ta yadda ubanta zai gani. Tamsin Gulliford ta rubuta.

"Tumakin sun saba da sunan," in ji Kieran.

Norris ya buɗe baki zai yi magana. Beryl ta ciro hankici ta goge masa baƙin tabon kumatu ta ce, "Bar shi a rufe, Baban Tamsin. Yau ya yi aikinsa."

Mako shida ya yi a durƙushe yana mayar da ciyawa gurbinta da hannu, hawa bayan hawa, Madam Chaffey na aunawa, Tamsin na tsaye da sandarsa tana gyara masa. Hoton da ta nema ma ta samu, yana rataye a kicin: amarya da ango a gaba, a bayansu can ƙafafun Norris biyu a sama.

Ranar da ya gama ya shiga mashaya da gwiwoyi a kumbure, ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

"Ku kuna tsammanin hatsari ne," ya ce. "Ni kuwa tun farko na lissafa. Ta yaya kuke so in hana yarinya tafiya birni, in kuma hana Dez tudu, da dunduniya biyu kacal? Sai mai ƙwaƙwalwa."

"Kajina har yau ba su koma yin ƙwai ba," in ji Desmond.

"Su ma cikin lissafin suke." Ya ɗaga kofi sama. "Jama'a, don sabuwar mai tudu, ku tashi mu..."

Ba wanda ya motsa. Mahauci ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya riƙe benci da hannu biyu, sauran ma suka riƙe. A zaune aka sha.